Ƙoƙo Mai Tabon Wuta

Da yayana ya dawo daga asibitin kutare na 'yan mishan, likita ya ce ya warke, amma bai ce yatsu za su sake tsirowa ba. Hannunsa na dama saura babban yatsa da guntun manuni, na hagu kuwa dungu ne kawai. Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa take tashe, mu kuma Maguzawa ne a wata 'yar unguwa tsakanin Balan da Gafasa. Mijina ya rasu bai bar ni da ɗa ba, na koma gidanmu. Don haka ni na karɓi yayana, ni nake masa tuwo, ni nake ɗaure masa mazagin wando.

A wajenmu ba a korar kuturu, ba a kuma haɗa kwano da shi. Akan ware masa akushinsa da ƙoƙonsa, a ɗora ƙarfe mai zafi a bakin kowanne a yi masa tabo, don kada yaro ya ɗauka bisa kuskure. Haka danginmu suka yi masa kafin ya tafi, haka suka ci gaba bayan ya dawo. Bafillatanar da take kawo mana nono ma daga sama take tsiyaya masa a nasa ƙoƙon, tana yi masa sannu. Ban taɓa riƙe ɗayansu a zuci ba, don abin da suke yi a fili suke yi, ba su taɓa yi masa alkawarin wani abu daban ba.

A can asibitin ya zama Kirista. Na tambaye shi wane wa'azi ne ya kama shi, shi da ko tsafin gidanmu sai an ja shi yake zuwa. Ya ce ba wa'azi ba ne, ƙoƙo ne. Akwai ranar da masu bi suke kira Jibin Ubangiji, inda kowa zai ci ɗan gutsuren gurasa, a kuma sha jan ruwan zoɓo don tunawa da mutuwar Almasihu. Ya ce ƙoƙo ɗaya ake zagayawa da shi. Ya ga ƙoƙon ya bar bakin wani kuturu ya tafi bakin malamin asibiti, mutum mai lafiya garau, ya sha bai ko goge bakin ƙoƙon ba. Ran nan, in ji shi, ya tuna cewa shi mutum ne. Na ce masa ashe da ruwan zoɓo aka saye shi, da na sani ai da tuni na dafa masa tukunya guda. Ya yi dariya har da tari. Amma na gane ba abin da yake so a duniya kamar ya ga an yi wannan shan a garinmu, shi ma a cikin sahu.

Gindin tsamiyar bayan gidanmu ya fara zama yana koya wa mutane karatun boko, yana buɗe shafi da gefen dungunsa. Ni ma a nan na koya, ina surfe ina saurare, har na bi shi na zama Kirista. Wanda ya fara zuwa daga waje shi ne maƙerin unguwarmu. Ɗansa yana da gyambo a ƙwauri da ya ƙi jin magani, yayana ya nuna masa yadda ake wankewa da ruwan gishiri a naɗe da tsumma mai tsabta, kamar yadda ya gani a asibiti. Gyambo ya rufe, maƙeri ya zo da matarsa, wasu suka biyo baya. Abin da yayana yake nanata musu kullum shi ne masu bi jiki ɗaya ne, in ƙafa ta taka ƙaya ba ta kaɗai take jin zafi ba.

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun yi wani abin. Da muka bar giya, dangi suka daina zuwa mana aikin gayya, don a wajensu gayya ba giya wahalar banza ce. Sai muka koma yi wa junanmu. Maƙeri da kansa ya ja mutane suka nome mana gona, matarsa ta taya ni roron gyaɗa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na saki jiki da su, ni da ba na saurin sakin jiki da mutane.

Da muka yi yawa muka nemi wurin gina majami'a. Dagaci ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya tura wa hakimi a Gaya, hakimi ya jira ta bakin Di'o, Baturen mulki. Da kyar aka ba mu wani fako a wajen gari, inda ko ƙarangiya ba ta fitowa. Yayana ba shi da hannun yin tubali, sai ya ɗauki kwaɓar ƙasa da ƙafa. Ƙafar tasa ba ta jin ciwo, ƙaya ta shige shi bai sani ba, raunin ya cinye mana rani guda ina jinya. Ranar ɗora rufi maƙeri ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, yayana ya sa kafaɗa aka ɗaga da shi. Da aka zo zaɓen dattawan ikilisiya, wato taron masu bi, shi da bakinsa ya ce a zaɓi masu hannu, aka zaɓi maƙeri da wasu biyu.

Ba mu da fasto, kuma sai fasto yake yin baftisma ya ba da Jibi. Bayan kaka labari ya zo cewa za a turo mana wani daga kudancin lardi. Yayana ya zama kamar yaron da aka ce gobe za a kai shi kasuwa. Ya sa na wanke masa farar rigarsa na kai aka buga, ya tara mutane yana koya musu yadda ake karɓar ƙoƙo a miƙa wa na kusa. Ni aka ba dafa zoɓo, matar maƙeri kuma aka aike ta kasuwar Gaya ta sayo gurasa da sabon ƙoƙo.

Na je gidanta karɓar ƙoƙon don in wanke, sai na tarar da biyu a kan faifai. Ɗaya babba ne, ɗaya ɗan mitsitsi irin wanda ake ba jariri ruwa da shi. A bakin ƙaramin akwai tabon wuta, sabo, har ƙaurinsa bai gama fita ba. Na tambaye ta na wane ne, ko da yake na sani. Ta sunkuyar da kai ta ce dattawa ne suka zauna, ita aike kawai aka yi mata. Ta ƙara da cewa sun ga ya fi kyau ni in gaya masa, tunda ni ce tasa.

Ban koma gida ba, maƙera na nufa. Na tarar da maƙeri yana gyaran fartanya, na ajiye masa ƙaramin ƙoƙon a kan uwar maƙera na ce ya dubi aikin hannunsa. Ya yi ta kame-kame. Wai sababbin masu bi suna tsoro, wai mata masu goyo sun ce ba za su sha ba, wai dangi dama suna kiranmu masu addinin kutare, in aka ji mun haɗa baki da shi ba wanda zai ƙara zuwa. Na ce to a ba shi a ƙarshe, bayan kowa ya sha. Ya ce ai ƙoƙon na ikilisiya ne, baɗi ma da shi za a sha.

Na ce, "Dattijo, da ɗanka yake wari ƙuda na binsa, wa ya zauna kusa da shi? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Ya ce, "'Yar'uwa, ba ƙinsa muke yi ba. Ubanmu ne. Ikilisiya muke tsarewa."

Na ce masa ikilisiyar da ake tsarewa daga wanda ya kafa ta, gara a mayar da ita rumbu a zuba dawa. Na faɗi wasu maganganun da ba na rubutawa ba ne. Har yau ban yi nadamar ko ɗaya ba.

Ni ɗin dai na gaya wa yayana, don ban so ya fara gani a gaban jama'a. Yana zaune a zaure yana jiran inuwa ta juyo. Da na gama, sai ya tambaye ni ko zoɓon ya jiƙu. Na yi fushi da shi fiye da yadda na yi da maƙeri. Na so ya tashi ya ɗaga murya, ya tuna musu wanda ya koya musu baƙi da wasali. Ya ce in bari fasto ya zo, ai fasto ya taɓa sha a irin wancan ƙoƙon na asibiti, ya san yadda ake yi.

Fasto ya iso a kan keke, gajiya ta gama cinye shi. Na bari ya sha fura ya huta, sannan na durƙusa na kai ƙara. Ya saurare ni da kyau, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya ce gaskiya tana wajena, amma shi baƙo ne, dattawan gari su suka san mutanensu. Ya ce masu bin nan jarirai ne, kada a ɗora musu kayan da zai sa su koma baya, a yi haƙuri, sannu a hankali za su girma. Na lura duk haƙurin da aka lissafa, mutum ɗaya aka ɗora wa.

Ranar Lahadi aka yi baftisma a rafi da safe, muka dawo majami'a, maza a dama mata a hagu. Yayana yana sahun gaba cikin farar rigarsa. Fasto ya gutsuttsura gurasa ya saka wa kowa a tafin hannu, wannan ya wuce lafiya. Sai maƙeri ya ɗauki babban ƙoƙo ya fara bin sahun maza. Da ya zo kan yayana ya tsallake shi, wani dattijon ya taho daga baya da ƙaramin.

Duk zaman da suka yi suna shawara, ba wanda ya tuna da hannun mutumin. Babbar ƙwarya yana iya tallafe ta da tafukansa biyu, kullum haka yake shan fura. Ƙaramin abu kuwa sai da yatsu. Dattijon ya miƙa daga nesa-nesa, ya saki tun kafin yayana ya kama. Ƙoƙon ya suɓuce, zoɓo ya zubo masa daga ƙirji har cinya, ƙoƙon ya gangara ƙarƙashin benci. Ba wanda ya sunkuya.

Mace ba ta tsallakawa ɓangaren maza ana cikin sujada, amma na tsallaka. Na tsaya gaban maƙeri na miƙa hannu ya ba ni babban ƙoƙon, wanda har lokacin da saura a ciki. Ya rungume shi a ƙirji yana kallon fasto. Fasto ya ɗaga murya ya fara waƙa, jama'a suka amsa da ƙarfi kamar an cece su. Yayana ya ja gefen zanena da babban yatsansa, ya ce a hankali, "Koma ki zauna, ƙanwata." Na koma. Da ƙoƙon ya zo sahun mata na miƙa wa ta kusa da ni ban sha ba. Shi kuwa ya zauna da jiƙaƙƙiyar riga har aka tashi, yana bin waƙar da leɓe.

Na ɗauka shi ke nan, ba zai sake taka fakon nan ba. Lahadi na zagayowa ya riga kowa zuwa, ya buga ƙarfen kiran sujada kamar kullum. Na tambaye shi ko zuciyarsa ma ta daina jin ciwo kamar ƙafarsa. Ya ce tana ji. Ya ce amma shi ya tara su, in ya fita rabinsu za su watse, kuma ba a taɓa ce masa sai masu bi sun kyautata masa zai zauna da su ba. Na tashi na ba shi wuri, don amsar da take bakina ba ta ƙanwa ba ce.

Da wata kakar ta zagayo aka ce fasto zai dawo. Wata safiya sai ga maƙeri ya yi sallama a zaurenmu, fuskarsa fal murna, da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya ce abin da ya faru bara ya tsaya masa a rai, ya yi ta tunani har Allah ya ba shi dabara. Ya warware tsumman. Ludayi ne babba, ya huda mariƙinsa ya zura igiyar fata yadda za a ɗaura shi a wuyan hannu. Ya goge shi sumul, aiki ne na wanda ya ɓata lokaci da gaske. Bai manta da tabon wutar a bakinsa ba.

Ya ce, "Baba, yanzu ba zai sake zubewa ba."

Ya ajiye shi a bakin tabarma ya ja da baya. Yayana ya dube shi, ya dubi ludayin, sannan ya miƙo mini hannunsa na dama. Ni na ɗaura masa igiyar. Ya ɗaga ludayin zuwa bakinsa ya gwada, ya zauna daidai.

Ya ce, "Ya yi. Allah ya saka da alheri."

Maƙeri ya tafi yana jin ya yi aikin zumunta, na jiyo shi a hanya yana ba wani labari. Da wannan ludayin yayana ya sha Jibi kowace shekara har ya rasu, kuma duk ranar ni nake ɗaura masa.