Wayar Mama ba ta katse ba

Bayan rasuwar Mama ban bar wayarta ta mutu ba. 'Yar ƙaramar waya ce mai maɓallai, lambobinta duk sun goge saboda taɓawa. Na ajiye ta a ɗakinta, kan teburin da take ɗora Littafi Mai Tsarki, kuma duk ranar da aka kawo wuta sai in shiga in sa mata caji in fito. Ba wanda ya ce in yi, ba wanda ya ce in daina.

Gidanmu a unguwar Barade yake, cikin Jalingo. Mu uku muka rage a ciki: ni, da yayana, da matarsa. Yaya fataucin hatsi yake yi. Yana zuwa garin Mutum Biyu ya sayo masara da shinkafa, ya kawo Kasuwar Jalingo. Tun Mama na da rai suna da wata al'ada tsakaninsu. In ya isa, sai ya yi mata filashin: wayar ta yi ƙara kaɗan, ya katse. Ba a ɗauka. Ma'anarsa ya sauka lafiya, shi ke nan. Mama takan taɓa wayar a bakin zaninta ta ce, “An gode Allah,” ta ci gaba da abin da take yi.

Da ta rasu bai daina ba. Ranar farko da na ji ƙarar daga ɗakinta, tsintsiya ce ta faɗi daga hannuna. Da ya dawo na tambaye shi, sai ya kawar da kai ya ce, “Hannu ne ya saba.” Daga nan muka saba mu ma. Waƙar coci ce aka sa mata a wayar, kuma farkonta kawai muke ji, sai shiru. Matar Yaya ta karɓi maganar Mama, ita ke cewa an gode Allah.

Akwai wani abu da na manta da shi gaba ɗaya. Wata Lahadi, tun Mama na da ƙarfinta, wata nas da muke sujada tare ta tsayar da mu bayan an tashi. Ta ce sau da yawa ana kawo musu mutum daga hanya, wayarsa a kulle, ba a san wanda za a kira ba. Ta nuna mana wurin da ake sa lambar gaggawa, yadda mai ceto zai gan ta ko bai buɗe wayar ba. A nan ƙarƙashin mangwaron coci Yaya ya sa lambar Mama.

“Ni da ban iya karatu ba?” in ji Mama. “Ka sa ta matarka mana.”

“Wannan? Wayarta kullum tana ƙarƙashin filo ko cikin kwandon wanki. Ke kaɗai ce in aka kira za a samu.”

Matarsa ta kai masa duka da mayafi, aka yi dariya. Ni kuma na sa lambar Yaya a tawa, muka tafi gida.

Ranar da abin ya faru, da damina ne, bayan azahar. Hadari ya haɗu amma ruwan ya ƙi sauka. Tsakar gida ta yi duhu-duhu, kaji sun shige ƙarƙashin rumfa tun lokacinsu bai yi ba. Ni da matar Yaya muna zaune muna ɓare agushi. Sai waƙar ta tashi daga ɗakin Mama.

“Yayanki ya isa,” in ji ta. “An gode Allah.”

Amma ba ta katse ba. Ta wuce wurin da ta saba tsayawa, ta ci gaba. Tun rasuwar Mama ban ji sauran waƙar ba, har na manta tana da saura. Muka zauna da agushi a hannu har ta kai ƙarshe.

“Ya jefa wayar a aljihu bai kulle ba,” in ji matar Yaya. “Cinyarsa ce ke gaishe da Mama.”

Na yi dariya, ita ma ta yi. Waƙar ta sake tashi, ta sake kaiwa ƙarshe. Labulen ƙofar Mama yana motsi kaɗan, alhali ba iska. Wataƙila akwai iskar, ni ce ban ji ta ba. Na duba tawa wayar, ba wanda ya kira ni. Matar Yaya ta shiga ta ɗauko tata daga ƙarƙashin filo, ita ma babu. Muka ce da wani abu ne, ai mu zai kira. Wa zai nemi Mama da magana? Muka koma kan agushi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Na dai san tiren agushin ya kusa cika lokacin da waƙar ta sake tashi. Matar Yaya ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, “Ɗakin uwarki ne. Ke za ki shiga.”

Ɗakin yana nan da ƙanshin man zafin da take shafawa a gwiwa. Ba haske sai na wayar, tana rawa a kan tebur, tana matsowa baki kaɗan-kaɗan. Na ɗauke ta. Sunan Yaya ne. Na tsaya ina kallo, yatsana ya ƙi danna maɓallin, domin a gidanmu ba a taɓa ɗaukar wannan kiran ba. Sai da na ji waƙar ta kusa ƙarewa na danna.

Muryar wani ce, ba tasa ba, ga hayaniya da kukan mota a bayansa.

“Mama ne? Mama, tun ɗazu muna kira. Ɗanka ya samu haɗari a hanyan Mutum Biyu. Mu masu ceto ne, lambanka muka gani a wayanshi.”

Na buɗe baki in ce Mama ta rasu, ni ƙanwarsa ce. Bai ba ni dama ba.

“Yana ta tambaya ko ka ɗauka. Riƙe, bari in sa mishi a kunne.”

Na ji an ce, “Ga Mama, ta ɗauka.” Sai numfashi, mai nauyi, kamar na wanda ya ɗauko buhu daga nesa. Sannan ya ce, “Mama?”

Tun ina yarinya ake cewa muryata ta Mama ce, har a waya 'yan'uwa kan rikita mu. Ban yi shawara da kaina ba. Na ce, “Na'am.”

Bai yi mamaki ba, wannan ne abin da har yau yake sa tsigar jikina tashi. Ya yi magana da yarenmu, wanda ya daina yi da kowa tun da ta tafi. Ya ce yana jin sanyi. Na ce masa, da yaren, a rufe shi, ina nan, ba inda za ni. Ya ce to. Na ci gaba da magana, ban san me nake faɗa ba, irin abubuwan da take faɗa mana in zazzaɓi ya kama mu. Matar Yaya tana bakin ƙofa, ta riƙe labule da hannu biyu. Na miƙa mata wayar, ta sa a kunne ta kira sunansa. Mutumin nan ne ya amsa, ya ce mu same su a asibiti a Jalingo, sun taso.

Mun riga su isa. Da motar ta tsaya, ba wanda ya yi sauri wajen buɗe ta.

Wanda ya yi magana da ni ya zo ya tambaya ina Mama. Wani dogo ne, rigarsa duk laka. Na ce ni ce na ɗauka. Ya dube ni, ya dubi matar Yaya, bai ƙara tambaya ba. Ya ba ni wayar Yaya, gilashinta a fashe. Ya ce lokacin da suka fara kira Yaya yana magana sosai, har ya ce musu kada su damu, ba a ɗauka a gidansu, Mama ta ji.

Bayan an yi jana'iza, baƙi sun watse, na tuna lambar da ke cikin tawa wayar. Na kira matar Yaya muka zauna a bakin rumfa. Na cire ta Yaya na sa tata, ita ma ta sa tawa. Na ce mata ta daina barin waya a ƙarƙashin filo. Ta ce ta daina. Yanzu a bakin zani take ɗaure ta. Ba ma yi wa juna filashin. Ko daga kasuwa ɗayarmu ta kira, sai an ɗauka an ji murya.

Wayar Mama tana kan teburinta, ta Yaya na kusa da ita. Ba mai kiran ta yanzu. In an kawo wuta har yanzu ina shiga in sa mata caji, kuma ba na fita da sauri kamar da.