Baffa Na-Ji-Ka-Ji

Duk wanda ya taɓa yi wa Baffa Ɗanlami sallama ya san inda zan fara. Ka ce, "Salamu alaikum," ya ce, "Wa alaikumus salam," to kada ka kuskura ka zarce da maganar da ta kawo ka. Tsayawa zai yi ƙiƙam riƙe da kekensa, ya zuba maka ido ta saman tabarau, har sai ka ce, "Na ji ka ji." Sai a lokacin kunnensa zai buɗe.

In ka tambaye shi dalili, ka jawo wa kanka darasi. "Kwamfuta biyu ba sa fara magana sai sun gaisa sau uku," in ji shi. "Ta farko ta ce ga ni. Ta biyu ta ce na ji ki. Ta farko ta sake cewa na ji kin ji. Sannan saƙo ya wuce. Yanzu ƙarfe ya fi ku ladabi ke nan?"

Kun tuna ranar da maƙwabcinmu ya shigo a guje, ko takalmi babu? "Salamu alaikum, Malam, tumaki sun shiga geronka!" Baffa ya amsa sallama, ya ci gaba da kurɓar kokonsa. Mutumin ya sake kwarara ihu. Baffa ya ce, "Ba mu haɗu ba tukuna." Sai da bawan Allah ya haɗiye haki ya ce, "Na ji ka ji," sannan Baffa ya yi wurgi da ludayi ya zabura: "Tumaki? Me ya sa ba ka faɗa da wuri ba!"

Ga waɗanda suka taso daga baya, Baffa yayan mahaifina ne. Ni kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa har ya bar duniya Uwata yake kirana. A Kano ya yi ƙuruciyarsa yana jan wayar tarho, daga baya ya koma jan wayar kwamfuta a ofisoshi. Da ya gaji da birni ya dawo gida, aka ɗauke shi koyar da kwamfuta a sakandaren garinmu. Abin da kawai aka manta a ba shi shi ne kwamfutar. Wuta ma babu. Akwai darasin a jadawali, akwai malami, akwai mu, shi ke nan.

Wani malamin da sai ya zana akwati a allo ya ce mu haddace. Ban da Baffa! Muna aji huɗu ya kore mu gaba ɗaya zuwa filin ƙwallo, ya zazzage buhu, sai ga igiyoyi. Har da igiyar guga da igiyar shanyar matarsa, Inna Tabawa, wadda ta fito a ranar ta tarar da wankinta a kan danga. Ya jera mu a warwatse, kowa ya riƙe bakin igiya, ya liƙa wa kowa lamba a ƙirji.

"Daga yau kowannenku kwamfuta ne," ya ce. "Lambar nan ita ce adireshinka, kamar wadda masu ƙidaya suke rubutawa a bangon gida. Igiyar nan ita ce netwok. In aka ɗaura igiyarmu da ta Dawakin Tofa, aka ɗaura ta Dawakin Tofa da ta Kano, har a ratsa ƙarƙashin teku, shi ne intanet. Ba aljani ba ne, igiya ce mai tsawo!"

Waɗanda suka tsaya a mahaɗar igiyoyi ya ce su ne 'yan kamasho. Aikinsu su duba lambar da ke jikin saƙo su nuna masa hanya, kamar yadda ake yi wa fasinja a tasha. A wajen masu abin, ya ce, sunan ɗan kamashon nan rawuta.

Sai ya laluba aljihu ya zaro wata takarda, ya keta ta gida takwas, ya rubuta lamba a bayan kowane yanki. "Saƙo ba ya tafiya ɗungurungum. Yanka shi ake yi kamar tsire, kowane yanki ya bi hanyar da ta fi sauƙi, a can su haɗu. Uwata, ke ce mai karɓa."

Kai, ranar mun sha dariya! Takardu na yawo hannu zuwa hannu, 'yan kamasho na ihu, "Nan! A'a, can!" Ana cikin haka iska ta fizge yanki ɗaya, akuyar maigadi ta yi caraf da shi. Muka bi ta da gudu, ina! Ta riga ta haɗiye. Baffa kuwa har tsalle yake yi don murna. "Kun gani? Haka yake faruwa! Saƙo yakan ɓata a hanya! Uwata, jera abin da ya iso ki karanta mana."

Na jera bakwai a ƙasa, na ɗaga murya: "Malam Ɗanlami, ka yi bayani a rubuce cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa..." sai gurbin da akuya ta cinye, sannan, "...ba tare da izini ba."

Ashe takardar tuhuma ce Firinsifal ya aiko masa da safiyar nan. Kuma ga Firinsifal ɗin tsaye a bayanmu, hannuwa a goye, tun yaushe oho.

Ko gezau Baffa bai yi ba. Ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, saƙonka ya iso, amma yanki na huɗu ya salwanta a hanya. A ƙa'idar netwok kuwa, wanda ya aiko shi ne yake sake aikowa."

Firinsifal ya juya da sauri ya nufi ofis. Mu da ke kusa mun ga kafaɗunsa suna rawa. Daga baya muka ji abin da akuya ta ci: laifin fitar da ɗalibai fili ne.

Bayan shekaru, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta kawo wa makarantar kwamfutoci shida da sola da rawuta ta gaske, 'yar ƙarama mai ƙahonni biyu. Lokacin na dawo yin gwajin koyarwa, don haka a idona aka yi. Baffa ya ɗinka wa rawutar riga saboda ƙura. Kullum da safe sai ya goge ta da gefen rawaninsa. Makullin ɗakin kuwa a wuyansa yake kwana.

Malamai suka ji cewa ana iya kama intanet ɗin a waya ba tare da igiya ba, in dai an san kalmar sirri. Nan fa aka yi masa caa.

"Malam, mece ce kalmar sirrin?"

"Gobe in sha Allahu."

Washegari a dawo. "Malam, jiya ka ce yau."

"Ni ban ce yau ba. Gobe in sha Allahu."

Mako uku ana wannan! Aka yi ta gulmarsa a ɗakin malamai, wai rowa ce, wai ya mayar da kayan jama'a gadon gidansu. Ni kaina na same shi a gida na marairaice, "Haba Baffa, ko ni uwarka?" Ya dube ni da tausayi ya ce, "Uwata, ke ma gobe in sha Allahu."

Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Malam Bitrus, malamin lissafi, amininsa da suke buga dara kullum da yamma a gindin darbejiya. Rannan ya tare shi a gaban kowa. "Ɗanlami, shekara nawa muna tare? Na ci naman layyarka, ka ci shinkafar Kirsimetina. Kalma ɗaya ce za ka hana ni?"

Baffa ya ce, "Bitrus, ka ji tsoron Allah. Wace rana ce ka tambaye ni ban gaya maka ba?"

Malam Bitrus ya dubi Baffa, ya dubi wayarsa. A hankali ya fara dannawa, harafi bayan harafi, ba tazara: gobeinshaallahu. Sai ga waya ta yi ƙara, saƙonni na shigowa kamar an ɓalle bakin dam. Ya dafe kai ya zauna a kan benci, dariya har da hawaye.

Sauran malamai suka yanyame shi. "Ta yi? Mece ce? Gaya mana!"

Malam Bitrus ya share ido, ya mayar da waya aljihu, ya ce, "Gobe in sha Allahu."

Amma duk wannan wasa ne a kan ranar da Baffa ya halarci zaman makokinsa. Lokacin ya yi ritaya, sai dai ritayar a takarda ta tsaya, don kullum yana ɗakin kwamfuta. Ni kuma na yi aure ina unguwar Bacirawa a Kano. Da hantsi saƙo ya shigo zauren danginmu na waya: Allah ya yi wa Malam Ɗanlami rasuwa. Wani ya ƙara da cewa wutar kwamfuta ce ta ja shi. Na kira lambarsa, a kashe. Ban san yadda na sa hijabi ba, ban san yadda na hau mota ba.

Na iso na tarar an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. An je makaranta an ga ɗakin kwamfuta a kulle, sai aka ce ai an wuce da shi asibiti, gawa ake jira. Inna Tabawa tana cikin ɗaki tana kuka tana cewa, "Ya ce mini kasuwar Rimin Gado za shi, ashe can ya sake komawa! Na faɗa, na faɗa, injinan nan sai sun ga bayansa!"

Bayan la'asar sai muka ji ƙararrawar keke. Ƙirrin, ƙirrin. Ga Baffa, farar riga, ya ɗauro rake a bayan keke. Wayyo, ina za ka ga gudu! Wani ya bar takalmi, wani ya haye katanga. Liman ne kaɗai ya dake, shi ma carbinsa sai kaɗawa yake yi.

Baffa ya jingine keke ya ce, "Wa ya rasu?"

Liman ya ce, "Kai ne, Malam."

"Ikon Allah. Yaushe?"

Ashe kashe wayar ya yi, wai ita ma ta huta ranar kasuwa. Muna ta kuka muna dariya, muna taɓa shi mu tabbatar. Shi kuwa ko ruwa bai sha ba ya zaro biro da littafi. "Kowa ya dawo ya zauna. Babu saƙon da ba ya barin sawu. Liman, wa ya gaya maka?"

Liman ya nuna tela. Baffa ya ce tela ya tashi ya tsaya kusa da Liman. Tela ya nuna mai shayi. Mai shayi ya ce a waya ya gani, ya nuna wanda ya turo. Haka Baffa ya yi ta jera mutane a layi, kowa na nuna na gaba, har layi ya ratsa zaure ya shiga cikin gida wajen mata. A ƙarshe ya tsaya a kan ƙanwar Inna Tabawa, wadda ta zo daga Dawakin Tofa idanu a kumbure.

"Ke kuma wa ya gaya miki?"

Ta nuna yayarta. "Ita da bakinta! Da safe na kira ta na ce ya Malam, ta ce, 'Ke dai bari, Malam ai ya mutu,' sai waya ta yanke."

Inna Tabawa ta miƙe zumbur, ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Cewa na yi ya mutu a kan kwamfutocin nan, ko abinci ba ya zama ya ci! Sabis ne ya ɗauke!"

Ashe labarin daga ɗakinta ya fita, ya zaga gari, ya yi ƙiba, ya dawo mata, ta karɓa ta zauna tana kuka. Gidan nan kamar zai tsage don dariya. Baffa ya rufe littafinsa, ya dubi taron tun daga tsakar gida har bakin hanya, ya ce, "To, tunda an taru kuma an dafa abinci, kada wanda ya tashi. Tunda nake koyarwa ban taɓa samun aji mai cika haka ba." Wallahi sai da ya yi mana darasi har aka kira magariba, a kan kada mutum ya tura abin da bai san tushensa ba.

Shi ya sa a daminar bara, da saƙon ya sake shigowa, ban yi kuka ba. Murmushi ma na yi. Na kira wanda ya turo na ce, wa ya gaya maka? Na kira wancan ma. Ina bin sawu, zuciyata na cewa yanzu zan iske inda aka yi kuskure. A kira na uku na faɗa kan Malam Bitrus. Na ce, "Baba, kai kuma wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini, 'yata. Ina riƙe da hannunsa."

A wajen jana'iza na ga fuskokin da na manta. 'Ya'yan manoma da suka shiga ɗakin jarrabawa a birni suka zauna gaban kwamfuta ba tare da wani ɗar-ɗar ba, saboda wani tsoho mai taurin kai ya cire musu tsoronta. Wasu da motoci suka zo, wasu da ƙafa daga gona, laka har gwiwa.

Allah ya jiƙan Baffa Ɗanlami, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Abin da ya koyar, Allah ya sa ya zame masa sadaka mai gudana. Ya ba Inna Tabawa da Malam Bitrus haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.