Akwatin da Ke Bisa Darbejiya

A ƙauyenmu na yankin Tajaye, rezo, wato sabis ɗin waya, bai taɓa saukowa cikin gidaje ba. Mai son waya sai ya hau tudun bayan gari ya ɗaga hannu sama. Inna kuwa gwiwoyinta sun daɗe da ƙin hawa, shi ya sa da ƙanena ya tafi ci-rani Arewa, abin da ya fara aiko mana shi ne akwatin wifi mai ƙaho biyu, na hannu. Muka sa masa sim, muka ɗaure shi a reshen darbejiya, muka ja masa waya daga batirin sola. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci sai ƙanen nawa ya kira, Inna na zaune kan tabarmarta tana yi masa faɗan rashin cin abinci.

Lambar shiga ita ce wadda kamfani ya manna a gindinsa. Na so in canza, Inna ta hana. A wurinta rezo da ruwan randa duk ɗaya ne.

"Maƙwabci shi zo ka ce mishi ka kulle iska? Ba cikin gidan ga ba."

Haka rabin unguwa ta haddace lambar nan fiye da yadda ta haddace sunayen jikokinta.

Da damina ta wuce akwatin ya fara wani hali. Ka nemi wannan shafi ya kai ka wani, ana ce maka ka ci kyauta, ka rubuta lambarka. Murya ta riƙa tsinkewa. Na kwance shi na hau kabu-kabu zuwa Konni, wurin wani mai gyara da ke bayan tasha. Ya haɗa shi da kwamfutarsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ba 'yan unguwa ba ne. Irin wannan akwati an yi shi da wata kafa a cikin manhajarsa, wani daga can wata duniya ya gano ta ya shige, yana juya shi yadda ya ga dama. Ko da na canza lamba, ba ta toshe wannan kafar.

Na ce wane ne, in je in same shi? Ya yi dariya. Haushi ya kama ni, don ban taɓa yin rigima da wanda ba shi da gari ba.

Magani ɗaya ne, in ji shi: mizajur, wato a zuba masa sabuwar manhaja daga kamfani. Amma kamfanin ya daina kula da wannan samfuri, sai wata tsohuwar manhaja da mai gyaran ya tono, kuma in an fara zubawa ba a son wuta ta motsa. Na ce a zuba. Muna kallon layin nan yana tafiya a hankali, ya wuce rabi, sai fanka ta tsaya. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Kwamfutarsa na da batir, akwatina ba shi da shi.

Da wuta ta dawo, fitila ɗaya ja ce kawai ta kama. Ya gwada duk dabarar da ya sani har la'asar, ya miƙo mini shi ya ce in yi haƙuri. Ban ma san wa zan zaga ba.

Inna ta karɓe shi ta goge, ta sa na mayar da shi kan reshensa, wai ko ya huta ya tashi.

Juma'ar da ta biyo ni na hau tudu. Ƙanena ya yi mata saƙon murya, na sauko da shi na kunna mata. Ya gaishe ta, ta amsa. Sai ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Kana cin abinci kuwa? Mi kac ci yau?"

Shi kuwa yana ta ba da labarin sanyin garin da yake. Ta sake tambaya da ƙarfi. Saƙon ya ƙare. Ta dube ni ta ce in gaya masa ya daina katse ta in tana magana, na ce to, Inna.