Rufin Makarantar Yaya Ummaru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Ummaru, wanda mutanen Shinkafi suka ƙi daina kiransa Hedimasta har bayan ya zama ɗan majalisar jiha. Allah Ya jiƙansa.

Ya koyar a Zurmi, ya koyar a Kaura Namoda, har furfura ta cim masa da alli a hannu. Da aka matsa masa ya tsaya takara, ni na fi kowa yi masa dariya. Na ce, "Yaya, kai da ko cinikin akuya ba ka iya ba?" Sai ga shi ya ci. Ya tafi Gusau da magana ɗaya tal: a gina firamare a wani fili gaba da Badarawa, tsakanin ƙauyen manoma da rugar Fulani, don kada wani ya ce ta wani ce. Abokansa na rabon babura, shi yana bin ofisoshi kamar mai neman aiki. Ba a sake zaɓensa ba, amma makaranta ta tsaya da rufin kwanonta, ɗan manomi da ɗan makiyayi a benci ɗaya.

Yau 'yan bindiga sun tashi ƙauyen, rugar ma ta watse. Wallahi wani lokaci har godiya nake yi da bai ga wannan ba.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinsa, Mamman, ya same ni a gida nan Kaura. Yana cikin waɗanda suka yi gudun hijira zuwa Shinkafi. Ya daɗe yana gaisuwa, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, damana ta kawo jiki, ɗiyanmu a fili suke kwana. Muna so mu ciro kwanon makarantar Hedimasta mu yi rumfuna. Muka ce ba mu taɓa shi sai mun shaida maka."

In aka yaye rufin nan, ruwan bana kawai ya isa ya kwantar da ginin, kuma na san ba mai sake tayar da shi. To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me Yaya zai ce? Na san shi. Zai share ido da bakin rigarsa, sannan ya tambayi wa ke da guduma. Na ce su je su cire.

Ginin da ya ba da kujerarsa dominsa zai koma ƙasa. Abin da ya rage shi ne wannan: mutum ba gida, ba gona, ya biyo hanyar da ake sace mutane don ya nemi izinin kwanon da ba mai gadinsa. Da na raka Mamman bakin titi na dawo, na zauna a zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.