Ranar da Na Hana Yaya Yafiya

Ni ba mai yawo ba ce. In aka ce in kwatanta Jos, abin da zan iya kawowa bai wuce tsakar gidanmu ba, sai hanyar Taminus inda mai gidana yake da shagon ɗinki, ita ma sai Salla ta matso nake bin ta. Amma abin da ya faru a garkar bayan ɗakunanmu, a shekarun nan da kuɗin fetur ya shigo, gab da sojoji za su miƙa wa farar hula mulki, har yau muryar kowa tana kunnena.

Gidan gado ne. Surukina ya zo tun zamanin haƙar kuza, ya gina, ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu: mai gidana, da wansa da nake ce wa Yaya. A garkar akwai rijiya, kusa da ita kuma bishiyar fiya. Shingen ƙerana ne ya raba mu da maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Kirista 'yar wajen Vom, muna ce mata Ngo, wato uwa a yarensu. An bar mata kafa a shingen tana shigowa ɗiban ruwa. Ita ta kawo wa surukata ƙwallon fiyar tun suna da sauran ƙarfi, suka dasa tare. Hausar Ngo ba ruwanta da mace ko namiji. Sai in ji ta ta bayan shinge: “Amarya, zo ka karɓi gwate, ka rame kamar ba ka da miji.”

Ɗana na fari ya zo, ya koma kafin in gama wankan jego. Ranar da aka haife shi surukata ta binne mabiyiyarsa a gindin fiyar nan. Da ya rasu maza suka ɗauke shi, ban san inda kabarinsa yake ba, mata ba sa zuwa. Ga shi ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa kuka a gaban mutane, sai a ce ba ki da kunya. To ina zan kai abin da ke cina? Sai gindin fiya. Bayan la'asar in ɗauki faifai da acca kamar mai tsinta, in zauna. Kurciyoyi suna sauka bakin rijiya, ƙudan zuma suna ta gunaguni in bishiyar ta yi fure, kwaɗi suna amsawa daga ƙasa. Karatuna bai yi nisa ba, amma a nan na gane cewa ba ni kaɗai ke ambaton Allah a gidan ba. Ngo ce kawai ta san abin da nake yi. In ta same ni a wurin sai ta ja guganta ta fita ba ta ce komai ba, kuma duk wanda ya san bakin Ngo ya san wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Yaya da tuƙin motar wani ya fara, sai Allah ya buɗa masa ya sayi manyan motoci nasa, ya koma wajen Refil, gidan da wani Baturen kuza ya bari. Surukata tana rasuwa ya zo ya ce garka yake so, motocinsa su riƙa kwana. Mai gidana mutum ne mai sanyi, ya sunkuyar da kai ya ce, “Yaya, Inna dai ta bar wasiyya kada a sare fiyar.”

“Wa ya ce zan sare? Ko reshe ba zan taɓa ba.”

Bai taɓa ɗin ba. Aka fasa katangar baya, motoci suka shigo, makanikai suka biyo su. Wata safiya ina shara kusa da taga na ji shi yana magana ƙasa-ƙasa da babbansu. Allah ya ba ni kunne, ban roƙa ba. Ya ce, “Baƙin man da kuke juyewa, a gindin nan za ku riƙa zubawa. Ita da kanta za ta ba mu wuri.” Wancan ya ce, “To, oga.”

Wan miji ne, ba a ɗaga masa ido, balle murya. Na jira mai gidana ya dawo, na gaya masa abin da ban taɓa faɗa ba, na ce ya je ya tuna wa Yaya abin da ke binne a wurin. Ya je, ya dawo yana ta wanke hannu a buta ba dalili. Sai da na matsa ya ce, “Dariya ya yi. Ya ce camfin mata ne, wai mabiyiya ai ta zama ƙasa.”

Ta zama ƙasa. Na sani, ai ba mahaukaciya ba ce ni. Amma ƙasar wa?

Ganye ya fara ja, ya bushe, ya zube. Zuma suka tashi. Damina ta sauka ta wanke baƙin man zuwa cikin rijiya. Ngo ta jawo guga wata rana, ruwan yana ƙyalli kala-kala, ga kwaɗi sun juya ciki sama. Ta daɗe tana kallo, ta ce, “Mutumin nan ya kashe ruwa.” Daga ranar ita da ciwon gwiwarta sai famfon bakin titi, ta bi layi da yara. Da bishiyar ta gama bushewa Yaya ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ce yanzu kam haɗari ce, kada ta faɗa wa wani. Aka sare, aka kai wa mai gidan burodi itacen.

Ranar na ce Allah ya isa, kuma ban ce a ɓoye ba, a gaban Allah na faɗa, goshina a ƙasa. Ban roƙa masa mutuwa ba, ban roƙa motarsa ta kife ba, akwai bayin Allah a ciki. Abu ɗaya na nace a kai: ya Ubangiji, ka kawo ranar da mutumin nan zai nemi wani abu da ba ya samuwa sai a hannuna. Kowace salla sai na maimaita. Na taɓa tambayar Ngo ko ita ta haƙura. Ta ce, “A coci kullum suna cewa mu yafe. Na ce wa fasto, to, amma sai gwiwa ya daina ciwo.”

Damina tana ƙarewa aka ce Yaya ya biya kujerar Maka. Kowa ya san al'ada: mai tafiya yana zaga dangi da maƙwabta neman yafiya, su kuma su ce ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Kamar gaisuwa ce, ba wanda yake jiran amsar. Ya zo da matarsa, babbar riga tana ta amon sitaci, an cika gida, goggonsu tana rabon goro. Ya bi ɗaki-ɗaki. Da ya iso ƙofata ko tsayawa sosai bai yi ba.

“Amarya, za mu tafi, a yafe mu.”

Har ya juya. Daga bayan labule na ce, “Ban yafe ba.”

Na ji ƙwaryar goron goggo ta taɓa ƙasa. Mai gidana ya ce, “Ke!” Yaya ya yi 'yar dariya, ya ce, “Amarya an iya wasa. Me kike so in sayo miki? Sarƙa?”

“Ban yafe ba, Yaya. Na ji abin da ka gaya wa bakanike, na ji saƙon da ka aiko mini. Ka tafi da shi ka yi ɗawafi.”

Wallahi wani daɗi ya sauko mini tun daga maƙoshi har ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba. Ya fita fuu, motarsa ta tashi da ƙarfi har kajin Ngo suka watse.

Daga baya labari ya zo mini cewa wajen limamin unguwa ya nufa, don a ce masa maganar mace ba komai ba ce. Liman ya ce masa Allah yana yafe nasa, amma haƙƙin mutum yana jiran mai shi. Ga shi Yaya duk yawonsa a ƙasa ya yi shi, bai taɓa hawa jirgin sama ba, matarsa ta ce tun da aka sa rana ba ya cin abinci sosai. Ya aiko da atamfa, na mayar. Goggo ta zo ta zauna ta ce, “'Yar nan, bishiya ce fa. Za ki raba zumunci a kan itace?” Na ce, “Goggo, ke kika yi mini wankan jego.” Ta share ido da bakin gyale. Sai ta ce to me nake so. Na ce ƙasar da ya ɓata ya kwashe ta da hannunsa, kuma ya bi ta kafar shinge ya roƙi Ngo, wadda ya tsallake a zagayensa.

Aka kai masa. Ya ce Kirista kuma? Na ce a gaya masa da baki take shan ruwa kamar shi. Ya turo leburori, na zuba musu tuwo suka ci, na ce su koma, ba su suka yi mini ba.

Sai da tafiya ta rage 'yan kwanaki. Da safe na ji mota ta tsaya, ba a yi ham ba. Ya shigo garka da diga da shebur da kwanon sarki, ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa. Ni kuwa na fito da kujerata da kwanon dafaffiyar gyaɗa, sabuwa ce ta shekarar, na yafa mayafi na zauna inda zan gan shi da kyau. Ngo ta leƙo, ta shigo, ta tsaya a kansa kamar hedimanin kuza.

“Oga, ka bar wancan gefe. Akwai baƙin mai har yanzu.”

Mutumin da ya manta nauyin diga. Kafin hantsi tafin hannunsa ya fashe, singileti ta zama baƙa, yana ɗaukar kwanon a ka yana fita da shi ta inda ya fasa katanga, makanikansa suna can sun juya baya kamar suna gyara. Ina ɓare gyaɗa ina ci. Na ci gyaɗa da yawa a rayuwata, ba wadda ta kai ta ranar zaƙi, kuma ba zan ɓoye ba.

Can wajen azahar ramin ya kai masa cinya, baƙin ya ƙare, jar ƙasa ta fito tsakanin matattun saiwoyi. Ya tsaya, ya dogara da shebur yana haki. Bai dube ni ba ya ce, “Nan ne? Nan Inna ta sa ta yaron?”

Tun da aka ɗauke shi ba wanda ya ambace shi a gidan nan sai ranar. Na ajiye kwanon gyaɗar. Na ce, “Nan ne. Ka tsaya haka.” Na tashi na sa hannu na ɗebi jar ƙasar na ƙulle a bakin zanena.

Ya fito daga ramin, ya durƙusa wa Ngo a nan inda take. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Na yafe maka. Amma ka jawo mana famfo, gwiwa bai yafe ba.” Sannan ya juyo wajena, hannayensa a buɗe don ba sa rufuwa.

Na ce, “Nawa na yafe, Yaya. Na fiya da na zuma da na kwaɗin rijiya ba a hannuna yake ba. Wannan sai ka roƙa a can.”

Ya ɗago ya dube ni ko wasa nake yi. Ya ga ba wasa. Ya ce, “To.”

Ya je ya dawo lafiya, aka jawo famfon, motocin suka koma wani wuri. Ngo ta kawo wani ƙwallon daga Vom muka dasa a jar ƙasar, ya kama. Rijiyar kuwa ba ta dawo ba, an yashe ta an sake yashewa, warin yana nan, a ƙarshe aka rufe ta da kwano aka ɗora dutse. Dangi sun daɗe suna cewa na cika riƙo. Su faɗa. Na yafe da bakina ranar, kuma Allah ya ji ni. Zuciyar dai tana biyo bakin a hankali, har yanzu in na wuce gareji na ji warin baƙin mai sai ta ja ta tsaya.