Yatsan da Na'ura Ta Ƙi: Jinjina ga Hajiya Safiyatu

Duk wanda ya yi aiki a hukumar nan ta Dutse mai kula da injinan ruwa na ƙauyuka ya san Hajiya Safiyatu ba ta fara aiki daga ofishinta. Adaidaita na sauke ta a bakin get tun masu shara ba su gama ba, sai ta tsaya wurin maigadi ta tambaye shi ƙafar nan da ke damunsa. Daga nan ta ratsa ta gindin darbejiya inda direbobi ke shan shayi, ta leƙa sito, ta bi ta ɗakin makanikai. Kafin ta kai kujerarta ta riga ta san wanda aka yi wa haihuwa, da wanda ke jinyar uwa, da wanda ya ƙunso fushin gida zai sauke a kan mutane. Sannan ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, ta ɗora tabarau, ta ce a kawo fayil. Ita ce daraktar kula da ma'aikata, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Aikin kula da ma'aikata, in za a faɗi gaskiya, aikin baƙin jini ne. Ba ka gina tanki a gani, ba ka haƙa rijiya a yi maka guɗa. In an yi wa mutum ƙarin girma ya ce ƙoƙarinsa ne, in an hana shi ya ce kai ne. Hajiya ta yi shekara da shekaru a wannan kujera, ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba ta kuma taɓa nema ba.

Abu ɗaya ta kafe a kai tun zuwanta. A da, in za a tura mutum wani gari ko a dakatar da shi, sai a bari sai ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci, a lika takarda a allon sanarwa, kowa ya sulale gida. Mai abin ya zo Litinin ya tarar ana kallonsa ana sunkuyar da kai. Hajiya ta ce wannan tsoro ne, ba aiki ba, ta kashe al'adar. A wurinta labari mara daɗi sai a zaune, ido da ido, mutum ya ji da kunnensa, ya kuma faɗi tasa. Har ma'aikata suka laƙaba mata Hajiya Zo-mu-zauna, don in ta dafa ƙofarka ta ce, "Zo mu zauna," sai gabanka ya faɗi. Amma a tambayi waɗanda aka zaunar ɗin. Wani makanike da aka tura Ringim ya ce ya shiga yana huci, ya fito yana tunanin motar kwashe kaya, don ta riga ta yi wa yaransa maganar makaranta a can.

Abin da ya sa ake wannan jinjina ya faru ne shekarar da aka kawo sabon babban manaja, Injiniya Muhyiddeen. Mutum ne mai zafin nama, mai tsabtar hannu, kuma ya zo da umarni daga sama: a tantance kowane ma'aikaci da na'urar ɗaukar zanen yatsa, a kakkaɓe sunayen bogi. Kada wani ya ce Hajiya ta ƙi sauyi. Ita ta fi kowa murna, don ta daɗe tana ƙorafi a kan sunayen da ke cin albashi ba wanda ya taɓa ganin ƙeyar masu su. Ita ta tsara aikin, ita ta sa lokaci. Ta duba ta ga tsakiyar damina ofis babu taruka, ta ce to, a yi shi a nan. Abin da ya shige mata, ya kuma shige wa duk 'yan ofis, shi ne masu tayar da injina a ƙauye manoma ne, kuma lokacin maimai ne, kowa hannunsa na kan fartanya.

Na'ura ta yi aikinta. Sunaye da yawa ba wanda ya zo ya amsa su, aka soke. An kuma kama wasu 'yan dabara da suka kankare yatsa da gangan don su dangwala wa mutum biyu. Shi ya sa doka ta yi tsauri: duk wanda na'ura ta kasa ɗaukar yatsansa, na bogi ne. A cikin waɗanda ta ƙi akwai wasu dattawan ƙauye, kuma akwai Baba Ɗan'inna, mai tayar da injin wani ƙauye a bayan Miga, wanda saura 'yan watanni ya yi ritaya. In aka soke sunansa babu fansho, babu garatuti, ga tambarin ɓarawon gwamnati a kan furfurarsa.

Injiniya ya aika aka kira ta.

"Hajiya Darakta, sa hannunki kaɗai ya rage. Ana jiran rahoto."

"Ranka ya daɗe, waɗanda ba su zo ba na sa musu hannu. Waɗanda suka zo na'ura ta ƙi su, sai na je na faɗa musu da bakina."

"Har bayan Miga? A wannan ruwan?"

"Har can, ranka ya daɗe."

Ɗanladi, direban da ya kai ta, shi ke ba da labarin tafiyar. Ya ce taɓo ya sa suka bar mota a bakin hanya suka ƙarasa a ƙafa, Hajiya riƙe da takalmi a hannu. Tun daga nesa suka jiyo ƙarar inji, suka tarar da mata da yara na ɗiban ruwa a famfo. Tsohon yana gonarsa a bayan tanki, a duƙe. Suka gaisa, aka shimfiɗa mata buhu a kan kunya, ta zauna.

"Baba, buɗe min hannunka in gani."

Ya buɗe. Babban yatsan ya yi sumul kamar ƙotar fartanyar da ya ajiye, ko zane ɗaya babu. Ɗanladi ya ce Hajiya ta daɗe tana kallon hannun, idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce, "Ni na sa tantancewar nan a damina. Ban yi tunani ba." Ta faɗa masa abin da ke faruwa ba ɓoye-ɓoye. Ta kuma faɗa masa abin da masu na'ura suka ce, wai in ya huta da aiki na 'yan makonni yana shafa man kaɗanya, zanen zai iya dawowa.

Tsohon ya juya ya dubi geronsa, ciyawa ta taso masa har ƙugu.

"Hajiya, 'ya'yana mata ne, suna ɗakunansu. In na ajiye fartanya yanzu, ciyawa ta cinye gonar nan. Fansho sai baɗi. Ci kuwa bana ne."

Suka kamo hanya suka dawo Dutse. Washegari ta roƙi Injiniya a ba ta zuwa ƙarshen wata. Ya ba ta, amma bai yi mata rufa-rufa ba. Ya ce in rahoto ya makara, sunanta zai rubuta a dalilin jinkiri. Dukansu sun san a wannan shekarar ake duba sunanta a kujerar babbar sakatariya. Ta ce ta ji, a rubuta.

Sai ta yi abin da ba ya cikin kundin dokokin aikin gwamnati. Ta kira gayya. Ta bi ofis-ofis tana cewa ranar Asabar akwai noma a gonar abokin aikinku, duk mai fartanya ya zo da ita, wanda ba shi da ita ya aro. Aka yi dariya, aka yi gunaguni, wani ya ce shi rabonsa da gona tun yana firamare. Amma wa zai iya kallon idon matar da ta zo masa ta'aziyya har ƙauye ya ce mata a'a? Bas ta cika. Hajiya ta yi abin da mai gayya ke yi, ta zo da dambu da fura a manyan robobi. Baba Ɗan'inna aka zaunar da shi a inuwa, hannuwa sharkaf da mai, yana kallon akantoci masu tumbi na haki a kan kunya. Haƙurinsa ya ƙare lokacin da ya ga ana sare masa gero ana barin ciyawa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ɗana, wannan ai shi muke nomawa." Samarin ƙauyen suka ga abin kunya ne baƙi daga Dutse su yi wa tsohonsu noma suna tsaye, suka karɓi fartanyu, kafin la'asar gona ta fita fes. Sauran dattawan kuma ta bi ta hannun masu unguwanninsu, aka yi musu irin wannan.

Ranar sake tantancewa dattawan suka zo da fararen riguna. Ɗaya bayan ɗaya na'ura ta karɓe su, ana hamdala. Aka zo kan Baba Ɗan'inna. Ya ɗora babban yatsa, ta ƙi. Ya goge a riga ya sake, ta ƙi. Aka gwada manuni, aka gwada na hagu, aka bi yatsun duka. Ba damina ɗaya ce ta cinye su ba. Sifana ce da man dizal da igiyar tayar da inji, tun yana da ƙarfinsa. Tsohon ya tsaya da hannuwa a buɗe bai san inda zai sa su ba.

Injiniya yana wurin. Hajiya ba ta yi masa gardama ba, ba ta kawo masa ayar doka ba. Ta jawo kujeru biyu ta ajiye suna fuskantar juna, ta zaunar da tsohon a ɗaya.

"Ranka ya daɗe, na yi iyakar ƙoƙarina, na kasa. Ka san a nan ba ma sallamar mutum sai an zaunar da shi an faɗa masa dalili. Na sha faɗa wa mutane abu mai ɗaci. Wannan kam bakina ba zai iya ba. Ga shi nan, ka faɗa masa babu shi."

Injiniya ba matsoraci ba ne, ya zauna. Ya gyara murya, ya dubi tsohon, ya ce, "Baba Ɗan'inna."

"Na'am, ranka ya daɗe."

Waɗanda ke ɗakin sun ce Injiniya ya gyara zama a kujera. Ya dubi na'ura, ya dubi hannuwan da ke kan gwiwar tsohon. Can ya tambaye shi lafiyar inji. Tsohon ya ce lafiya lau, sai dai bel ɗin ya fara sakin jiki. Injiniya ya ce za a aiko da sabo, ya miƙe ya fita.

A makon nan aka gyara doka. Duk wanda na'ura ta ƙi, jami'i zai je har wurin aikinsa ya gan shi, mai unguwa ya yi shaida, a ɗauki hoton fuskarsa. Aka kuma mayar da tantancewa zuwa rani. Rahoto ya makara, kuma Injiniya ya cika maganarsa ya rubuta sunanta, ko da yake ya rubuta nasa a sama. Kujerar babbar sakatariya ta wuce ta, ba ta sake zagayowa ba. Wannan abu yana yi wa da yawa ciwo har yau. Ita kuwa da wata abokiyar aikinta ta yi mata jaje, cewa ta yi ai da ta sa hannu a wancan karon, da ba ta san da wace fuska za ta bi ta hanyar Miga ba.

Hajiya Safiyatu, ke ce kika nuna cewa ana iya gyara ma'aikata ba tare da an tattake mutane ba. Ke ce kika kori na bogi ba sani ba sabo, kika kuma tsaya wa na gaske har abin ya ci miki kujera. Kin yi kuskure kin ce naki ne a gaban direba da lebura, abin da manya da yawa ba sa iya yi ko a gaban madubi. Uwar ma'aikata, mai faɗa a zaune. Ba ki bar gini da sunanki ba, amma kin bar ƙananan jami'ai da yanzu ke jin kunyar lika wa mutum takarda su gudu. An gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar hutawa, ya sa abin da kika yi wa bayinsa ya tsaya miki ranar da kowa ke neman mai tsaya masa.

Ku kuma da aka damƙa wa sunayen mutane, a Dutse ko a ƙananan hukumomi, sauyi na nan tafe, na'urori ma za su ƙaru, kuma ba laifi ba ne. Ku karɓe su, ku yi aiki da su. Amma kafin ku ja layi a kan suna, ku tashi daga kujera ku je ku kira shi a gaban mai shi. Baba Ɗan'inna ya yi ritaya da mutuncinsa, yana karɓar fanshonsa, yana nan a ƙauyensu a bayan Miga. Har yau babu na'urar da ta san yatsansa, amma in kuka kira shi zai amsa.