Zauna-Tukuna Zai Ajiye Sukundireba

Kowace safiya, kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share 'yar rumfarsa ta ƙarƙashin bene, ya goge teburi da tsohon tawul, ya jera sukundirebobinsa daga babba zuwa ƙarami kamar 'yan makaranta. Abu na ƙarshe da yake fitarwa shi ne kujerar baƙi, wata 'yar katako da ƙafarta ɗaya ta gaza, ya tokare ta da kwali. Duk wanda ya zo maganar kwamfuta, gyara ko saye, ko a guje ya shigo, abin da zai fara ji shi ne ya zauna tukuna. Tun ana tsokanarsa da maganar har ta bi shi ta zama suna. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin idanu sun gaji da leƙen cikin injuna, kuma bai kamata a bar shi ya tafi shiru ba.

Masu gaggawa sun sha jin haushinsa. Ba ya tambayar wace kwamfuta mutum yake so, sai dai ya ce a gwada aikin da za a yi da ita a gabansa ya gani. Wani direban babbar mota ya zo neman laftof don ya burge abokai, ya tashi da 'yar ƙarama ta tafin hannu mai shiga aljihun ƙofar mota, har gobe yana sa masa albarka. Amma labarin da layin ba ya mantawa na wata yarinya ne, Auta.

Mahaifin Auta a gaban tafireta ya yi rayuwarsa, yana buga wa ofis takardu. Bayan ya bar aiki ciwo ya kayar da shi, ya tashi harshe ya yi nauyi, hannuwa na rawa, ko biro ba ya riƙuwa. Mutumin da a da shi ke cika gida da hira ya koma sai nuni. Ya nuna, iyali su yi ta canka, in sun kasa ya juya fuska bango. Wannan juyawar ce ke cin ran Auta. Da ta ga wata kwamfutar tafin hannu sabuwa fil, mai gilashin shafawa, a rumfar Zauna-Tukuna, ta ce shi ke nan, Baba zai riƙa taɓa abin da yake son faɗa. Yayanta ya yarda, ya dai ja mata kunne kada ta kwaso musu tarkace.

Ta iso rumfar tana nuna abarta da yatsa, a naɗe mata kawai ta wuce. Zauna-Tukuna ya tura mata kujera. Da ya gama jin labarin, ya ce ba zai sayar ba sai ya ga mai hannun da zai taɓa ta, in kuwa fito da shi zai yi wuya, shi zai je. A ranta Auta ta ce wannan tsoho ya cika neman rigima. Ya rufe rumfa da rana tsaka, ya saka kwamfutoci biyu a jaka, sabuwar da wata tsohuwar 'yar laftof ta gwanjo, mai kauri, gefenta duk ya koɗe. Auta ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai.

A ɗaki, sabuwar aka fara ɗora wa Baba. Yatsa na rawa, gilashi kuwa bai san haƙuri ba. Ya nufi nan ya taɓa can, shafi ya gudu, wata waƙa ta tashi ba gaira ba dalili. Baba ya soma juya fuska bango. Mai gyaran ya ɗauke sabuwar. Ya buɗe tsohuwar, ya saita ta yadda rawar hannu ba za ta maimaita harafi ba, ya ɗora ta a tire kan cinyar Baba, ya kamo hannuwan ya sauke su a kan madannai.

Yatsun suka lalubo wurarensu da kansu, domin ba su manta aikinsu ba. A hankali, harafi bayan harafi, rubutu ya fito: ƙafar hagu ce ke ciwo, ba ta dama ba. Ashe duk watannin nan ƙafar lafiya Mama ke ta shafa wa magani. Mama ta fashe da dariya, dariyar ta zarce kuka, shi kuwa Baba ya ci gaba da bugawa, don yana da tarin magana.

A bakin ƙofa Auta ta durƙusa.

"Kawu, ka yafe min, na zaci so kake ka wahalar da ni."

"Ba komai, 'yata," in ji shi. "Ke injin kika kalla, ni kuwa aikina kallon hannu."

Kai ne, Zauna-Tukuna, ka mayar wa wancan gida da muryar mai shi. Kai ne mai haƙurin da ba ya sallamar mutum sai ya fahimce shi, ko da za a tafi ana yi maka tsaki. Ba allon talla gare ka ba, ba a taɓa kiran ka taro an miƙa maka lambar yabo ba, amma gidaje da dama suna cin moriyar kujerar nan mai kwali. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya hutar da idanunka. Masu tasowa a sana'ar nan kuwa, kafin su gaji sukundirebobinka, su fara gadon kujerar, su koyi tambayar mutum abin da zai yi kafin su miƙa masa abin da ke ƙyalli.

Makon jiya Auta da yayanta suka kawo Baba rumfar a keken marasa lafiya, tsohuwar laftof ɗin na kan cinyarsa. Mai gyaran ya miƙe a rikice, yana ta kai da kawo, yana neman abin da zai tarbi baƙo da shi. Baba ya ɗaga masa hannu, ya duƙa ya yi 'yan bugu, sannan ya juyo masa da allon, ya nuna kujerar baƙi da haɓa.

An rubuta: kai ma zauna tukuna.

Mai gyaran ya karanta, ya cire tabarau ya goge ido. Sannan ya ja kujerar da ya yi shekara da shekaru yana tura wa mutane, ya zauna.